Abin Da Ya Sa Wata Saniya Ta Fi Wata Jure Cuta

Ga wata tambaya da ake yawan yi. Shanu biyu ne a gida ɗaya. Dusa ɗaya suke ci, ruwa ɗaya suke sha, a inuwa ɗaya suke kwana. Cuta ta shigo gari. Ɗaya ta kwanta har ta kai ga yanka, ɗayar kuwa ko tari ba ta yi ba. Me ya kawo haka?

Wasu sukan ce baki ne ya kama ta. Wasu su ce rashin sa'a ne. Likitocin dabbobi kuwa sun bincika, sun gano cewa wani ɓangare na amsar yana cikin abin da saniya ta gada daga uwarta da ubanta.

Wannan magana ta shafi Bafulatanin da ke ruga. Ta kuma shafi mutumin birni. A unguwanni irin su Babban Giji da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, gari ya cinye gonaki, amma ba a rasa mai ɗaure sa ɗaya ko biyu don kasuwar Sallah. Wani ya tara kuɗinsa ne shekara da shekaru, ya je kasuwar Wudil ran Juma'a ko ta Ɗambatta ran Lahadi ya sayo. In dabbar nan ta faɗi, jarinsa ne ya faɗi. Ga shi kuma yanzu ana ta kwaɗaita wa mutane shanun Turai masu yawan madara. Saboda haka ya kamata a san abin da ake saye.

Sojojin jiki da masu kai musu rahoto

A cikin jinin kowace dabba akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Aikinsu yaƙi da ƙwayoyin cuta. Su ne sojojin jiki. Su da sauran abokan aikinsu ake kira garkuwar jiki.

Amma soja ba ya harbi sai ya san abokin gaba. To, wa ke nuna masa?

Akwai masu wannan aiki. Sun yi kama da 'yan sintirin unguwa. In ƙwayar cuta ta shiga jiki, sai su cafke wani ɗan gutsure nata, su ɗaga shi sama, kamar suna cewa ga ɓarawo nan. Da sojoji sun gani, sai su taru su far wa cutar. In ba a nuna musu ba, cutar za ta yi ta hayayyafa a ɓoye har ta fi ƙarfinsu.

Abin lura shi ne, ɗan sintiri ɗaya bai san dukkan ɓarayi ba. Wannan ya san fuskar wasu, wancan ya san fuskar wasu daban. Kuma saniya ba ta zaɓar 'yan sintirinta. Gadonsu take yi.

Ga yadda abin yake. A cikin kowace ƙwayar naman saniya akwai wasu siraran zare guda 60. Guda 30 daga uwa suke, guda 30 daga uba. A jikin zaren nan aka tsara komai nata: launin fata, tsawon ƙaho, yawan nono, har da ƙarfin garkuwa. Kowane umarni guda da ke jikin zaren ana kiransa ƙwayar gado. A shekarar 2009 masana suka gama karanta na wata saniya a Amurka, suka ƙirga ƙwayoyin gado wajen 22,000.

Masu kula da 'yan sintirin nan suna zaune ne wuri ɗaya, a kan zare mai lamba 23. Masana suna kiran wurin BoLA. A duk jikin saniya da wuya a sami inda ya kai nan bambanci tsakanin dabba da dabba. Ƙwayar gado guda ɗaya tak a wurin, an samu iri-irinta fiye da 300 a shanun duniya. Amma kowace saniya biyu kawai take ɗauke da su, ɗaya na uwa, ɗaya na uba.

To, in uwar da uban ba dangin juna ba ne, sau da yawa maraƙi yakan sami iri biyu daban. Ke nan yana da masu gadi biyu, kowa da ɓarayin da ya sani. In kuwa uwar da uban jini ɗaya ne, yana iya samun iri ɗaya sau biyu. Masu gadi biyu ne dai, amma abin da ɗaya bai sani ba, ɗayan ma bai sani ba.

Haka abin yake ga garke duka. Manomi ya san dalilin da ya sa yake haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya. In damina ta ƙi wannan, ta karɓi wancan. Garken da jininsa ya sha bamban, in annoba ta zo, za ta kwantar da wasu ta bar wasu. Garken da duk 'ya'yan bijimi ɗaya ne, abin da ya kayar da ɗaya yana iya kayar da saura.

Ƙwayoyin cuta su ma ba a zaune suke ba. Suna sauya kama. In wani irin ɗan sintiri ya yi yawa a ƙasa, ƙwayar cutar da ta iya kauce masa ita ce za ta yaɗu. A lokacin sai saniya mai irin da ba a cika samu ba ta tsira, ta haifi 'ya'ya, irinta ya ƙaru. Wannan tsere ya daɗe ana yin sa. Shi ya sa iri-irin suka yi yawa haka.

Daga ina shanunmu suka fito?

Shanun gida kashi biyu ne: marasa tozo da masu tozo. Marasa tozo an fara kiwonsu a Gabas ta Tsakiya, wajen shekara 10,000 da suka wuce. Masu tozo kuwa an fara kiwonsu daga baya, a kwarin kogin Indus, inda ƙasar Pakistan take a yau.

Marasa tozo su suka riga zuwa Afirka, shekaru dubbai da suka wuce, tun hamadar Sahara tana da ciyawa da tafkuna. Masu tozo sun shigo da yawa ne daga baya, ta gabashin Afirka, musamman daga wajen shekara ta 700 Miladiyya, lokacin da fataucin Larabawa ya bunƙasa a bakin teku.

Akwai wani abin mamaki da bincike ya gano. In aka bi jinin shanun Afirka ta wajen uwa, uwa bayan uwa, sai a tarar ya koma ga marasa tozo. Har Bunajin da muke gani da tozonta. Wato galibi bijimai masu tozo aka shigo da su, suka hau shanun da suka tarar. A shekarar 2020 wasu masana, ciki har da na cibiyar binciken dabbobi ta ILRI da ke Nairobi a Kenya, suka fitar da sakamakon binciken shanu 172 na iri 16. Sun lissafa cewa babbar cakuɗuwar ta faru ne tsakanin shekara 750 zuwa 1,050 da suka wuce. Sun kuma ga cewa cikin abubuwan gado da suka fi zama daram a jikin shanun nan, akwai na garkuwar jiki, da na jure zafi, da na haihuwa.

Ke nan shanunmu da ma ruwa biyu ne tun asali. Sai dai ƙasar nan ta yi shekara ɗaruruwa tana tankaɗe su. Wadda ta kasa jure kaska da zafin bazara da yunwar rani, ta mutu ba ta bar baya ba. Wadda ta jure, jikokinta ne muke kiwo. Makiyaya su ma sun sa hannu, domin Bafulatani ba ya barin kowane maraƙi ya zama bijimin garke. Yakan duba uwarsa, ya duba kakarsa.

Da haka aka sami irin da muka sani. Ga Bunaji fara mai baƙin kunne, wadda ta fi kowace yawa. A ƙidayar dabbobi ta 1990, shanun Nijeriya sun kusa miliyan 14, kuma Bunaji ta kai kashi 37 cikin 100. Ga Rahaji ja mai dogon ƙaho, gwanar tafiya. Ga Bokolo ta ƙasar Sakkwato, da Azawak ta Nijar, da Wadara ta Barno.

Misali daga sammore

Duk makiyayin da ya taɓa gangarawa kudu da rani ya san ƙudan tsando, ya kuma san sammore. Dabba ta yi ta ramewa, jininta ya ƙare, gashinta ya tashi, ƙarshe ta kasa miƙewa.

Amma a cikin dajin da tsando ya fi yawa, akwai shanun da ke zaune lafiya. Su ne Muturu, gajerun shanun nan marasa tozo na kudancin Nijeriya da ƙasar Binuwai, da kuma Ndama, waɗanda asalinsu tsaunukan Futa Jalo ne a ƙasar Gini. Tsando yana cizonsu kamar kowa, cutar tana shiga jininsu. Sai dai jikinsu yana danne ta, ba ta yawa, kuma jininsu ba ya ƙarewa da sauri. Shekaru dubbai na zama da tsando ne suka ba su wannan.

A kasuwa ana raina Muturu. Ba ta da girma, ba ta da nono. Amma abin da ke jikinta babu shi a kantin magani. In irinta ya ƙare, ya ƙare ke nan. Irin wannan damuwa ake da ita game da Kuri, farar saniyar Tafkin Chadi mai kumburarren ƙaho, wadda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Tafkin ya ja baya, ana kuma ta haɗa ta da masu tozo, tsantsarta tana raguwa.

Misali daga kirci

Kirci ba baƙo ba ne a nan. Da damina yake tashi, ya ɓata fata, ya rage nono, ya karya darajar dabba a kara. Kaska tana taimaka masa ƙwarai.

A tsibirin Matinik, wanda ke ƙarƙashin Faransa a can yankin Karebiyan, kirci ya addabi shanu masu tozo. Masana suka ɗebi jinin shanun suka duba wurin nan na zare mai lamba 23. Sai suka ga akwai wani iri guda da yawancin masu ɗauke da shi suke kamuwa. Aka riƙa fitar da masu wannan iri daga garke. A rahoton da suka buga a 2003, masu kirci sun sauko daga kashi 76 cikin 100 zuwa kashi 2 cikin 100 a shekara biyar.

Mu a nan ba kowa ke da halin gwajin jini ba. Amma ido ma awo ne. Saniyar da kirci ke kamawa kowace damina, kuma 'ya'yanta su ma haka, bai kamata a bar ɗanta ya zama bijimi ba.

Shanun Turai: riba da hasara

Ba wanda zai yi musun cewa saniyar Turai mai baƙi da fari, wadda ake kira Holstin ko Firishiyan, ta fi tamu madara nesa ba kusa ba. A ƙasarta tana ba da lita 25 ko fiye a rana. Bunaji a ruga, in an tatsi lita ɗaya ko biyu bayan maraƙi ya sha, an gode.

Amma a dubi yadda aka kai ga haka. An zaɓi bijimai 'yan kaɗan ne, aka riƙa ɗura maniyyinsu ga shanu dubbai. A 2015 masana a Amurka suka bi salsalar bijiman Holstin na ƙasarsu ta wajen uba. Suka tarar fiye da kashi 99 cikin 100 sun fito ne daga bijimai biyu kacal, ɗaya an haife shi a 1962, ɗaya a 1965. Shanu miliyoyi, kakanni biyu.

Sun kuwa ga illar irin wannan. Akwai wani shahararren bijimi da aka haifa a 1952, mai suna Aibanho. Yana ɗauke da wata tawaya a garkuwar jiki, ba wanda ya sani, domin shi kansa lafiyarsa ƙalau. Tawayar ba ta bayyana sai maraƙi ya gaje ta ta wajen uwa da ta wajen uba duka. Irin wannan maraƙi, sojojin jikinsa ba sa iya fita daga jijiyar jini su je inda cuta take. Sai ya yi ta fama da gyambon baki da gudawa da ciwon huhu, yawanci ya mutu bai shekara ba. Da aka gano tushen abin a 1992, wajen kashi 14 cikin 100 na bijiman da ake ɗiban maniyyinsu a Amurka suna ɗauke da ita, kuma ta riga ta bazu ƙasashe da yawa. Sai da aka fito da gwajin jini aka riƙa tace bijimai kafin aka shawo kanta.

Bayan wannan, saniyar Turai ba ta san ƙasarmu ba. Kakanninta ba su taɓa haɗuwa da tsando ba, ba su saba da irin kaskarmu ba, ba su san zafin watan Afrilu na Kano ba. Tana bukatar inuwa mai sanyi, da ruwa mai yawa, da abinci mai kyau kullum, da likita kusa. Babbar gona mai jari tana iya ɗaukar wannan. Mai saniya biyu a bayan gida, da wuya.

Wannan ba ya nufin a guje wa haɗin iri. A Cibiyar Binciken Dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, an daɗe ana haɗa Firishiyan da Bunaji. 'Yan ruwa biyun suna ba da madara fiye da Bunaji, suna kuma jure ƙasa fiye da tsantsar ta Turai. Abin da aka gani a ƙasashe masu zafi da yawa shi ne, rabi da rabi ya fi dacewa da ƙaramin mai kiwo. Inda ake kuskure shi ne a ɗauki 'yar ruwa biyu a sake ɗura mata na Turai, 'yarta ma a sake. Kafin hawa uku, jinin gida ya kusa ƙarewa, juriya ta tafi tare da shi. A ganina, duk wanda za a yi wa saniyarsa barbarar zamani, yana da haƙƙin ya tambayi jami'in: maniyyin wane iri ne, kuma in an haifi mace, da me za a haɗa ta?

Gado ba ya hana allura

Kada wani ya karanta wannan ya ce shanunsa na gida ne, ba ruwansa da rigakafi. Tarihin bushiya ya isa misali.

A 1887 sojojin Italiya suka shigo da shanu ta tashar jirgin ruwa ta Masawa, a ƙasar Eritiriya ta yau. Bushiya ta biyo su. Cikin 'yan shekaru ta ratsa Afirka, ta iso ƙasashenmu wajen 1890. A wurare da yawa, cikin shanu goma takwas ko tara sun mutu. An ce Fulanin ƙasar nan sun sa wa annobar suna Sannu, saboda jajen da ake ta yi wa juna. Baƙuwar cuta ce, jikin shanun bai shirya mata ba, kuma ba ta ba su lokaci ba.

Allura ce ta kashe bushiya. Saboda ita aka kafa ɗakin binciken cututtukan dabbobi a Vom, kusa da Jos, a 1924. A nan Kano aka yi taron shugabannin likitocin dabbobi na ƙasashen Afirka a 1961, inda aka shirya babban gangamin allura da aka fara a 1962. Da aka yi sakaci, ta dawo Nijeriya, ta yi ɓarna a 1983, dattawan makiyaya ba su manta ba. Aka sake ɗaura ɗamara. A 2011 aka sanar cewa an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya.

Allurar rigakafi tana nuna wa sojojin jiki fuskar ɓarawo ne tun bai zo ba. Ciwon huhu da harbin daji da ciwon saifa da ɓoru suna nan har yanzu, kuma duk suna da allura. In ma'aikatan gwamnati sun fito rigakafi, a kai dabbobi.

Akwai kuma wata garkuwa da maraƙi ke samu ta baki. Ita ce dakashi, wato nonon farko mai kauri. Ana haihuwar maraƙi ne jininsa babu makaman yaƙi da cuta, domin ba sa ratsawa daga uwa tun yana ciki. A dakashi yake samunsu. Hanjinsa yana karɓarsu sosai a awa shida na farko, bayan kwana ɗaya kuwa ƙofar ta rufe. Komai kyawun irin maraƙi, in ya rasa dakashi a ranar farko, ya fara rayuwa da rauni. Yunwa ma haka take. Dabbar da ta rame da rani, garkuwarta ta rame tare da ita.

Abin da mai kiwo zai iya yi

Babban abu shi ne bijimi. Saniya ɗa ɗaya take haifa a shekara ko shekara biyu, bijimi kuwa yana iya zama uban garke duka. Kada ya daɗe har ya hau 'ya'yansa. Karsanar Bunaji takan kai shekara uku zuwa huɗu kafin ta ɗauki ciki, saboda haka in bijimi ya yi shekara uku a garke, lokacin sauya shi ya yi. A sayar, ko a yi musaya da wani makiyayi da ba a haɗa jinin shanu da shi ba. Wanda ya fito daga nesa ya fi na maƙwabci, in dai lafiyarsa ƙalau.

In an sayo sabuwar dabba daga kara, a ɗaure ta gefe ɗaya na mako uku ko huɗu kafin ta shiga cikin sauran. Sabon jini alheri ne, amma ciwon huhu ma ta wannan hanya yake shigowa gida.

Wajen zaɓen karsana ko ɗan bijimi, dillali zai nuna maka girma da sheƙin fata. Kai kuma ka tambayi uwar. Sau nawa ta haihu? 'Ya'yanta nawa suka rayu? Kirci yana kama ta? Kaska tana yi mata yawa? A garke ɗaya za ka ga wata saniya kaska ta lulluɓe ta, wata kuwa 'yan kaɗan ne a jikinta, alhali wuri ɗaya suka yi kiwo. Wannan ma ana gadonsa.

A sami ɗan littafi a ajiye. Kowace saniya a ba ta shafi guda. A rubuta sunanta, da sunan uwarta, da bijimin da ya haife ta. A rubuta watan da ta haihu, da ciwon da ta yi, da ranar da aka yi mata allura. In ruwa biyu ce, a rubuta ko rabi ce ko ta wuce rabi. Ranar da za a je asibitin dabbobi, ko ranar da mai barbarar zamani zai zo, a riƙe littafin a hannu.